Likita ya amsa wa ɗalibai: barci, ƙwayar karatu da ƙawar da ta ce ta gaji da rayuwa

Tambayoyin wannan karon duk daga ɗaliban jami'a da kwalejoji suke, yawanci ma waɗanda jarrabawa ta tunkaro.

Tambaya: Likita, awa nawa ya kamata in yi barci? In jarrabawa ta zo awa uku nake yi, wani lokacin ma a kan littafi gari ke waye mini.

Amsa: Awa bakwai zuwa tara. Abin da ka karanta da rana a cikin barci ƙwaƙwalwa ke adana shi, saboda haka mai kwana zaune da littafi ɗibar ruwa yake da kwando. In barci ya rinjaye ka da rana, ka kwanta minti 20 zuwa 30 kawai, kuma kada ya kai la'asar.

Tambaya: Likita, ina shan kofi da lemon ƙara kuzari gwangwani uku a rana don in yi karatu. Yanzu hannuna na rawa, gabana na faɗuwa.

Amsa: 'Yata, sinadarin kafeyin ne ya yi miki yawa. Babban mutum mai lafiya bai kamata ya wuce miligiram 400 a yini ba, kofin kofi ɗaya kuwa yana ɗauke da kamar 80 zuwa 100, na gwangwanin kuma a rubuce yake a jikinsa, ki duba. Bayan awa biyar da sha, kusan rabinsa yana nan a jininki, shi ya sa wanda kika sha da yamma ke hana ki barcin dare. Ki rage a hankali cikin mako ɗaya ko biyu, don yanke shi lokaci guda na kawo ciwon kai. In kin rage amma bugun zuciyar bai lafa ba, ki je asibiti a duba ki.

Tambaya: Likita, wani abokina ya ba ni tramadol ya ce yana buɗe kai. Na fara da ɗaya, yanzu biyu nake sha masu miligiram 225 kafin in zauna karatu. Ranar da ban sha ba duk jikina ciwo yake. Akwai illa?

Amsa: Ɗana, akwai illa, har ta riga ta fara. Wannan maganar ta "ƙwaya na buɗe kai" tana ba ni takaici matuƙa, domin ta raba yara masu basira da karatunsu, wasu ma da ransu. Tramadol maganin ciwo ne mai ƙarfi, dangin kodin da mofin, wanda likita ke rubuta wa mai karaya ko wanda aka yi wa tiyata. Ko a asibiti ba a wuce miligiram 400 a yini, shi ma a rarrabe ake ba da shi. Kai kuwa 450 kake haɗiyewa a zama ɗaya. Kuzarin da kake ji yana zuwa ne don ƙwayar na tayar da wasu sinadarai a ƙwaƙwalwa, ido ya bushe ka ga kamar kana ganewa. Ba ta ƙara hadda ko kaɗan.

Abu biyu nake jiye maka tsoro. Tramadol mai yawa yana jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya, ko da bai taɓa yin ta ba, kuma tana iya kama ka a kan bene ko a tsakiyar titi. Sannan yana rage numfashi, musamman in an haɗa shi da giya, maganin tari mai kodin, ko ƙwayar barci irin su diazepam. Haka ake samun yaro ya kwanta da dare, da safe a tarar rai ya yi halinsa.

Ciwon jikin da kake ji ranar da ba ka sha ba, tare da gumi, zawo, yoyon hanci da rashin barci, alama ce jikinka ya kamu. Kada ka yanke shi lokaci ɗaya a ɗaki kai kaɗai, kuma kada ka ci gaba. Ka je asibitin makaranta ko wurin likitan ƙwaƙwalwa cikin wannan makon, ka faɗa masa gaskiyar adadin da kake sha, zai tsara maka yadda za a rage sannu a hankali. Sirrinka a rufe yake a wurinsa.

Ga abokan ɗaki kuma: in kun ga wanda ya sha ƙwaya ana tada shi ba ya tashi, numfashinsa ya yi ƙasa ko yana wani irin minshari, leɓɓansa sun canza launi, ku kwantar da shi ta gefe ɗaya ku garzaya da shi asibiti tare da kwalin abin da ya sha. Kada ku ɗura masa komai a baki, kada ku cusa masa cokali in yana jijjiga, kuma don Allah kada ku ce a bar shi ya yi barci zai warware.

Tambaya: Likita, idona na zafi, kaina na ciwo in na daɗe a gaban kwamfuta.

Amsa: Duk bayan minti 20 ka ɗaga kai ka kalli wani abu mai nisan kamar mita shida na daƙiƙa 20, ka riƙa ƙifta ido, ka sha ruwa. In bai daina ba a auna idon, wataƙila tabarau kake buƙata. Shan farasitamol kusan kullum shi kansa yana haifar da ciwon kai, kada ka mai da shi abokin karatu.

Tambaya: Likita, ana raba takardar jarrabawa sai numfashina ya sarƙe, zuciyata ta kama bugawa, yatsuna su yi sanyi, in ji kamar mutuwa zan yi. Ciwon zuciya ne?

Amsa: Abin da kika kwatanta ya fi kama da farmakin fargaba. Yakan kai ƙarshen tsananinsa cikin kamar minti goma, sannan ya lafa da kansa, kuma ba ya kisa. Saurin numfashin ne ke kawo jiri da sanyin yatsu. In ya taso, ki ajiye biro, ki dafa ƙafafunki a ƙasa, ki ja iska ta hanci kina ƙirga huɗu, ki fitar ta baki kina ƙirga shida, ki maimaita na minti biyu ko uku. Ki saba yin haka kullum tun kafin ranar jarrabawa. Duk da haka ki je a duba ki sau ɗaya, don ƙarancin jini da cutar ƙullin maƙogwaro da ake kira tayiroyid suna kawo irin wannan. In har kin suma, ko ƙirjinki na ciwo lokacin da kike gudu ko hawa bene, ranar za ki je, ba gobe ba.

Tambaya: Likita, ƙawata da muke ɗaki ɗaya ta daina zuwa lacca kusan wata guda. Ba ta cin abinci, wanka ma sai na matsa mata. Jiya ta ce da ma ta kwanta ba ta tashi ba, ta sa na rantse ba zan gaya wa kowa ba. Wasu sun ce raunin imani ne, wasu sun ce so take a kula ta. Ina tsoron in tambaye ta in sa mata tunanin da babu.

Amsa: 'Yata, Allah ya saka miki da ba ki yi shiru ba. Wannan ce tambayar da ta fi tayar mini da hankali, ki karanta a natse, sannan ki tashi yau ɗin nan.

Abin da kika faɗa alamomin ciwon damuwa ne. Muna zarginsa in mutum ya kai mako biyu yana cikin ƙunci kusan kullum, ko ya daina jin daɗin abin da yake so a da, ga canjin barci da cin abinci, kasala, kasa tara hankali, da ganin kansa ba shi da amfani. Ciwo ne kamar hawan jini, yana kama mai ibada yana kama wanda ba ya yi. Duk wanda ya ce mata imaninta ne ya yi rauni, ƙara mata nauyi ya yi, don dama ita laifin kanta take gani. A yi mata addu'a, a kuma kai ta asibiti, ɗaya bai hana ɗaya ba. Masu cewa neman kulawa take, su sani da yawa daga waɗanda suka kashe kansu sai da suka furta wa wani na kusa, aka ɗauka zance ne kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum sama da 720,000 ke kashe kansu duk shekara, kuma shi ne sanadi na uku na mutuwar matasa 'yan shekara 15 zuwa 29.

Tambayarta ba za ta sa mata tunanin ba, sau da yawa ma sauƙi mutum ke ji da aka samu wanda ya tambaya. Ki zauna kusa da ita ku biyu, ki kashe waya, ki ce: "Maganar da kika yi jiya ta tsaya mini a rai. Kina tunanin kashe kanki ne?" Ki yi shiru ki saurara. Kada ki yi mata wa'azi, kada ki ce wasu sun fi ta shiga wahala. In ta ce e, ki tambaye ta ko ta tsara yadda za ta yi, ko ta tanadi wani abu. In ta tanada, kada ki bar ta ita kaɗai ko na ɗan lokaci. Ki kwashe magunguna, maganin ƙwari da reza daga ɗakin, ki kira wani babba, a tafi asibiti yanzu. Tsananin wannan tunanin yakan zo ya wuce, rashin abin a kusa kuwa shi ke ba da damar ya wuce ɗin.

Rantsuwar da kika yi ba ta kai ranta ba. Ki ce mata, "Ba zan iya riƙe wannan ni kaɗai ba, zaɓi wanda za mu gaya wa." Ko mahaifiyarta, ko yayarta, ko mai ba ɗalibai shawara, ko likitan makaranta. Za ta iya fushi da ke na kwanaki, ki jure.

Ana warkewa. Akwai zaman tattaunawa da ƙwararre, akwai magunguna irin su fluoxetine da sertraline. Sukan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ga amfaninsu, ana kuma ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an samu sauƙi. Ga 'yan ƙasa da shekara 25, makonnin farko na shan maganin suna buƙatar sa ido sosai, don tunanin kashe kai na iya ƙaruwa kafin ya ragu. In kin ga haka ku koma wurin likita ranar. Kada a saya mata a kemis ba tare da likita ya gan ta ba. Ke ma ki samu wanda za ki riƙa faɗa wa abin da ke ranki, ku raba kula da ita ku biyu ko uku.

Tambaya: Likita, abokin ɗakina yana shan wiwi. Kwana uku ke nan bai yi barci ba, yana magana shi kaɗai, ya ce ana bin sa. Mu kulle shi har ya sauka?

Amsa: A'a, ɗana. Ba kullewa, ba ɗauri, ba duka, kuma kada ku yi masa musu a kan abin da ya ce yana ji. Ku yi masa magana a hankali, ku sanar da iyayensa da hukumar makaranta, a kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa yau. Irin wannan ciwon na rikicewar hankali a shekarunku ya fi fara bayyana, kuma da wuri aka kama shi ya fi jin magani.