Gumin ƙafar yaro da takalmi mai fumfuna

'Yar'uwa, kin ce ƙafar ɗanki mai shekara 2 kullum jiƙe take da gumi, takalmansa kuma suna fumfuna. Kwantar da hankalinki, nima na sha wannan da autana a unguwar Aboabo da ke Kumasi.

Tafin ƙafa na cikin wuraren da suka fi yin gumi a jiki, ga yaro ba ya zama wuri ɗaya. Ga kuma iskar Kumasi mai laima, musamman daga Afrilu zuwa Yuli, ba ta barin komai ya bushe. Laifin ya fi yawa ga takalmin roba rufaffe. Ki sama masa sandal, ko na yadi guda biyu yana musanyawa, da safar auduga. A ɗaka ki bar shi ba takalmi.

Wanda ya yi fumfuna, ki kaɗe shi a waje, ki wanke da sabulu, ki goge da ruwan khal, ki ciro shimfiɗar ciki ki shanya ta daban. Ni har gawayi nake ƙullawa a tsumma in cusa ciki ya kwana. Kar ki tura shi ƙarƙashin gado da danshi, nan fumfunar ke komowa. Na gwanjo daga kasuwar Kejetia ma a wanke kafin ya sa.

Bayan wanka ki tsane tsakanin 'yan yatsunsa sosai. In kin ga wurin ya yi fari yana saɓa, ko ƙaiƙayi da tsagewa, kar ki shafa man da aka ba wani. Wasu mayukan ƙara rura ciwon suke. Kai shi asibiti. Haka in gumin ya zo da zazzaɓi, tari ko rama, ki nemi likitan yara, ko a asibitin Komfo Anokye.