Ba a Nahalal muke zaune ba, ɗan'uwa

Ka tambaye ni labarin Nahalal, ƙauyen noman Yahudawa da malaminku na aikin gona yake ta yabawa, sai kuma ka soko wata a ƙarshe: wai mu Hausawan Ƙudus da sauran Hausa a jikinmu kuwa, tunda mun yi auratayya da Larabawa? Bari in fara da mai sauƙin.

Nahalal yana kwarin da Larabawa ke kira Marj Ibn Amir, yamma da Nazarat. Baƙin Yahudawa daga Gabashin Turai suka kafa shi a 1921, shi ne na farko a tsarin da suke kira moshab. Wasunsu daga wani ƙauye mai suna Deganiya suka taso, inda komai na kowa ne har tukunyar miya, zaman bai yi musu ba. Suka ce kowane magidanci da gonarsa da shanunsa, amma saye da sayarwa a haɗe, wanda ya kwanta ciwo a yi masa gayya, kuma ba a ɗaukar ɗan ƙodago. Mai zanen gine-gine Richard Kauffmann ya zana garin kamar faifai, makaranta da ma'ajiyar kaya a tsakiya, gidaje sun kewaye su, gonaki sun miƙe ta bayan gida. Moshe Dayan, janar ɗin nan na Isra'ila, a nan ya tashi, a nan aka binne shi.

Ka ƙara wa malaminku wannan: a hannun iyalan Sursuk na Beirut aka sayi ƙasar, attajiran da ba su san kaifin fartanya ba. Ma'lul, ƙauyen Larabawan da ke gefe, ya zama kufai a 1948. Na taɓa tsayawa a wurin, masallaci da coci biyu kawai na tarar cikin itatuwa.

Mu kuwa ko taki ɗaya na gona ba mu da shi. Kakana da ƙafa ya tafi hajji ta Chadi da Sudan, ya zo ziyarar Aƙsa, ya tsaya gadin ƙofa, shi ke nan. Muna zaune daf da Bab al-Majlis, ɗaya daga ƙofofin Aƙsa, cikin tsofaffin masaukan baƙi guda biyu na zamanin sarakunan Mamluk na Masar da Turkawa suka taɓa mayarwa kurkuku, tare da jikokin mutanen Chadi da Senegal da Sudan.

Maganar aure ce take ba ni dariya. Wa kake so kakana ya aura? Ba wata Bahaushiya a unguwar. Ya auri Bafalasɗiniya, danginta suka shekara ba su tako gidan ba saboda baƙar fata. Har yau akwai marasa kunyar da ke kiranmu bayi. A nan mu baƙaƙe ne, in mun zo wurinku kuma mu Larabawa ne, to ina za mu sa kanmu? Ita dai tsohuwar ta koyi tuƙa tuwo da garin alkama, tana mita tana tuƙawa, shi kuma ya ɓoye goronsa cikin jiƙaƙƙen tsumma, ya ɓantaro mini ɗan ƙaramin ɓari in na gaishe shi daidai.

A gindinsa na tsinci Hausar nan, rediyo ya ƙarasa sauran. 'Ya'yana ban da "sannu" da "ina kwana" ba su iya komai ba, wannan kam laifina ne, ba na uwarsu ba. In ka samu mai zuwa ta Jodan, aiko mini da kuka da daddawa, tamu ta ƙare tun azumi.