Naman Kaza na Daji: In Saya ko In Bari?

Tambaya: Idan ruwan sama ya sauka nakan ga masu sayar da naman kaza da suka tsinto a daji, kuma ya fi wanda ake nomawa araha. An ce mini in dafa shi da cokalin azurfa, idan cokalin bai yi baƙi ba to babu guba. Shin in saya?

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki ɗora ranki da na iyalinki a kan wannan gwajin, domin gubar naman kaza ba ta sauya launin azurfa, kuma ganin ƙwari sun ci wani nau'i ba ya nuna cewa mutum zai ci ya zauna lafiya. Nau'in da ya fi kashe mutane a duniya, wanda masana ke kira Amanita phalloides, dafawa ko shanyawa ba su karya gubarsa, kuma rabin hularsa kaɗai na iya hallaka babban mutum.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda wannan guba take jinkiri. Amai da gudawa kan fara bayan awa 6 zuwa 24, sannan mutum ya ji sauƙi har ya ɗauka ya warke, alhali hantarsa tana lalacewa. Duk wanda cikinsa ya ruɗe bayan cin na daji ya tafi asibiti nan take, ya riƙe ragowar abin da ya ci domin a gane nau'insa.

Shawarata ita ce ki sayi wanda aka noma, ko da ya fi tsada. Idan kuwa sai na daji, ki saya a hannun wanda ya daɗe yana tsinto nau'i guda kuma zai iya faɗa miki sunansa da inda ya tsiro. Kada ki karɓi yankakke ko gauraye, ki nemi cikakke har gindi. Wanda ƙarƙashin hularsa fari ne, yana da zobe a kara da ƴar jaka a gindi, ki bar shi. Rashin waɗannan alamomi ma ba tabbacin lafiyarsa ba ne. Wanda aka tabbatar ana ci, ki dafa shi sosai, ki ɗanɗana kaɗan a karon farko, amma ki tuna wannan ba ya kare ki daga nau'in da ke kisa.

Tambaya: Manhajar waya mai gane nau'i ta hoto fa, ta isa?

Amsa: Malam, ba ta isa ba. Hoto ba ya nuna gindin da ke cikin ƙasa ko launin garin irin da hular ke zubarwa, kuma sau da yawa da waɗannan ake bambance mai guba da wanda ake ci. Ka kai wa masani ya duba da idonsa kafin ya shiga tukunya.