Dokin ƙofar mota ya ci tsatsa: za a iya canza shi a gida?

Ɗan'uwa, ka ce dokin ƙofar Golf ɗinka ya ruɓe, kana ƙauye a wajen Ringim, kana so ka yanke shi ka sa wani da kanka.

Fara ƙwanƙwasa shi da sukundireba. In fatar waje ce kawai ta ruɓe, cirewar ba ta fi ƙarfinka ba. In tsatsar ta kai ƙarfen ciki ko wurin da ake kafa jak, dakata, domin irin wannan motar ba ta da shasi daban, dokin ƙofar na cikin abin da ke riƙe da jikinta.

Kafin ka taɓa komai cire batir, ka ɗaga kujera da kafet, ka duba inda wayoyi da bututun mai da na birki suka bi. Tartsatsi ɗaya ya isa ya tada gobara. Ka yi nesa da danga da rumbu, ka ajiye bokitin yashi kusa, ka sa tabarau. Kada ka dogara da jak kaɗai, balle bulo, yana farfashewa. Katako mai kauri a ƙasa mai tauri ya fi. Gefe ɗaya ake yi, a gama, sannan ɗayan. In rami ya yi faɗi a fara tokare bakin ƙofa da ƙarfe, in ba haka ba ƙofar ba za ta sake rufuwa daidai ba.

Ɗigon waldar kamfani ake hudawa ɗaya bayan ɗaya, ba a sara da kurfi. Sabon ƙarfe ka nema a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano, mai kauri kusan milimita 1, amma haɗawar ka bar wa mai walda da ya saba da jikin mota, don siririn ƙarfe saurin hujewa yake. Kada ka yarda a cike ramin da fila, wato ƙullin da masu gyaran jikin mota ke shafawa a cike lotsawa. Bayan walda a shafa fenti mai hana tsatsa, a bar ramukan fitar ruwa na ƙasa a buɗe saboda damina.