Jirgin metiro ya tsaya da mu cikin rami: me ke kawo haka, me fasinja zai yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a nan Maradi, nakan fita waje saro kaya. A tafiyar da na yi ta baya, jirgin metiro, wato jirgin ƙasa na cikin birni, ya tsaya da mu cak a cikin rami, fitilu suka ragu, sanyi ya ɗauke, har wasu suka fara taɓa ƙofa. Bana kuma mahaifiyata za ta sauke farali, an ce za su shiga jirgi tsakanin Mina da Arfa. Me ke tsayar da jiragen nan? Ana duba su kuwa? In ya tsaya, yaya mutum zai yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya kai Hajiya lafiya, ya karɓi ibadarta. Hankalinka ya kwanta, domin tun wurin ƙira aka tsara jirgin metiro a kan cewa duk abin da ya lalace, ko na'ura ta yi kokwanto a kansa, to jirgi ya tsaya. Direbobin tirela sun san irin wannan: in iska ta zube, birki kama ƙafa yake yi, mota ta kafe. A jirgi akwai wayar tsaro da ta ratsa taragu duka, wuta na gudana cikinta koyaushe, ita ke riƙe da birkin gaggawa a sake. Da ta tsinke, ko wutar ta yanke, birki ya kama da kansa ba tare da an jira direba ba.

Ƙofa na cikin abubuwan da suka fi tsayar da jirgi. Kowace ƙofa tana da makunnin da ke shaida cewa ta rufe ta kulle, kuma in guda ɗaya ba ta ba da wannan shaida ba, injin ba zai ja ba. Bakin riga, igiyar jaka, ko tsakuwa a cikin kwarin da ƙofar ke zamewa sun isa. Masu sa hannu su tare ƙofa don abokin tafiya su ke gajiyar da injin ƙofar har ya mutu.

Sai sigina, wato tsarin da ke ba jirgi izinin tafiya ko tsayawa. An yanka layi gunduwa-gunduwa, ba a barin jirgi biyu cikin gunduwa ɗaya. A tsohon tsari ana sakin ƴar wuta cikin ƙarafan dogo biyu, ƙafafun jirgi su haɗe su, nan take a san akwai jirgi a wurin. Ruwa ya kwanta a layi, ko dogo ya tsage, sai na'ura ta ɗauka jirgi ne, ta tsayar da na baya. A sabon tsari, irin na Dubai da aka buɗe a 2009 wanda ba ya da direba, jirgi na aika matsayinsa ta rediyo ba ƙaƙƙautawa, in maganar ta yanke na ƴan daƙiƙu sai birki. Sau da yawa jirginku lafiyarsa lau, na gabanku ne ya samu matsala, ko ƙarfen da ke karkatar da jirgi a mararrabar layi bai kulle ba.

Abin da ka kwatanta kuwa ya fi kama da yankewar wuta. Injin ja da na'urar sanyi daga wutar layi suke ci, su ne ke fara mutuwa. Batir ne ke riƙe fitilun gaggawa, lasifika da rediyo. Wani lokaci ma da gangan ɗakin kula da zirga-zirga ke yanke wutar, in an ga mutum ya faɗa kan layi.

Nan ne muke so ka saurara da kyau. Metiro da yawa, har da na Dubai da layin Marina zuwa Mile 2 na Legas da ya fara aiki a 2023, suna shan wuta daga ƙarfe na uku da ke kwance gefen dogo, mai ƙarfin bolt 750. Wutar gida 220 ce. Wannan ƙarfe ba ya yin ƙara, ba ya haske, ido ba ya bambanta mai wuta da marar wuta, kuma ana iya mayar da wutar a kowane lokaci. Ga kuma jirgi da zai iya tahowa a layin gefe. Wanda ya ɓalle ƙofa ya sauka ya jefa kansa cikin halaka, ya kuma tsawaita zaman kowa, don dole a kashe wutar yankin, a bi rami da ƙafa a tabbatar babu kowa kafin jirgi ya motsa.

Don haka ka zauna ciki. Kusa da ƙofa akwai maɓallin magana da ma'aikata: ka danna, ka faɗi lambar taragon da ke rubuce a bango, ka faɗi in akwai marar lafiya. A ba tsofaffi da masu ciki kujera, a sassauta tufafi, a sha ruwa. In za a kwashe mutane, ma'aikata ne za su zo bayan sun kashe wuta, su bi da ku ta gefen da aka tanada. Hayaƙi ko wuta daban ne. Ku koma tarago na gaba, ku sunkuya, ku sanar nan take. In jirgi na tafiya, gara ya kai tasha, don fita daga rami ta fi wuya. In kuwa yana tsaye a tasha, wuta na ci, ƙofa ta ƙi buɗewa, a nan ne ake buɗe murfin da ke gefen ƙofa a juya hannun gaggawa. A birnin Daegu na Koriya ta Kudu mutum 192 suka rasu a gobarar 2003, da yawansu cikin jirgin da ya shigo tasha ya tsaya ƙofofinsa a rufe. Kana shiga tarago, ka nemi inda hannun nan yake da ido.

Batun dubawa, aikin dare ne, cikin ƴan sa'o'in da aka rufe layi. Ana bin dogo da na'urar sauti mai gano tsagar da ke cikin ƙarfe, ana goge saman dogo, ana sa mai a mararraba. A gareji ana auna kaurin takalmin birki, a canza takalmin da ke gogar ƙarfen wuta, a sassaƙe ƙafar da ta baje wuri guda saboda birki mai ƙarfi. In ka ji tarago na bugu kwas-kwas a jere yana ƙaruwa da gudu, ita ce. A ƙasashe masu ƙura da zafi, matatar iska na toshewa da wuri, dogo kuma na miƙewa da rana har ya nemi lanƙwasa, shi ya sa ake rage gudu.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne lalacewar da ba ta tsayar da jirgi. A Washinton ta Amurka, a 2009, na'urar layi ta kasa ganin jirgin da ke tsaye, na baya ya afka masa, mutum 9 suka mutu, alhali alamar matsalar ta bayyana kwanaki kafin nan. A birnin Meksiko gadar metiro ta rufta a 2021 ta kashe 26, bincike ya nuna aibi a ginin gadar. Irin wannan hakki ne a wuyan hukuma. Naka shi ne in ka ji warin ƙuna, girgiza ta daban, ko ka ga ƙofa na motsi jirgi na tafe, ka faɗa wa ma'aikaci tare da lambar tarago.

Jirgin da Hajiya za ta shiga an buɗe shi a 2010, tsawon layin kusan kilomita 18, tasha tara, uku-uku a Mina, Muzdalifa da Arfa. A bisa gada yake tafiya, ba cikin rami ba, kuma akwai ƙofofi tsakanin dandamali da layi. Wahalarsa cunkoso ce da zafi da doguwar tsayuwa. Ta bi lokacin da aka ba ayarinsu, kada ta rabu da jagora, ta riƙe ruwa da maganinta a ƴar jaka ta gaba, ta tattare mayafi kafin ƙofa ta rufe. In jirgi ya cika, ta ja baya ta jira na gaba. Ku kuma rubuta mata lambar tantinsu da sunan tashar da za ta sauka a takarda, ta rataya a wuya.