Yaya ake gano shekarun ƙauyen da ba a rubuta tarihinsa ba?

Tambaya: Ƙauyenmu bai kai gida ɗari ba, kuma ba a taɓa rubuta tarihinsa ba. Dattawa suna cewa tun kaka da kakanni aka kafa shi, amma babu wanda ya san shekarar. Ta ina zan fara?

Amsa: Malam, dattawan nan za ka fara nema, kuma ka zauna da kowannensu shi kaɗai kana ɗaukar muryarsa a waya, domin idan ka tara su wuri guda, wanda ake jin nauyinsa ne zai yi magana, sauran su yi ta gyaɗa kai. Kada ka tsallake tsofaffin mata, don su suka fi riƙe wa ya auri wa, da garin da aka ɗauko kowace amarya.

Shekaru kuwa sai an yi dabara. Ka nemi jerin waɗanda suka riƙe sarautar ƙauyen, ka tuna cewa masana tarihi kan ƙiyasta shekara 25 zuwa 30 tsakanin uba da ɗa. Amma wannan lissafi yana da ruɗi, saboda sau da yawa ƙane ne ke gadon wa, kuma wanda aka tuɓe ko wanda bai daɗe ba, sunansa kan ɓace daga bakin mutane. Maganin haka shi ne ka ɗaura labarin a kan abin da duniya ta san shekararsa. Idan tsoho ya ce an haifi mahaifinsa lokacin annobar murar da ta game duniya, ka samu 1918 zuwa 1919. Tauraruwa mai wutsiya ta Halley ta bayyana a 1910, ta sake dawowa a 1986, Yaƙin Duniya na Biyu kuma daga 1939 ne zuwa 1945. Husufin rana ma babbar shaida ce, tun da masana taurari suna iya lissafa ranar da aka yi shi da wuraren da aka gan shi.

Labarin maharbin da ya yada zango gindin wata bishiya har gari ya kafu, wannan ka rubuta shi yadda aka ba ka, amma kada ka ɗauke shi hujja, domin ƙauyuka da yawa irinsa suke bayarwa. Tsohuwar maƙabarta, da rijiyar da ta rufta, da fasassun tukwane a kufai sun fi shi nauyi. Sannan ka leƙa ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasarku ka nemi tsofaffin rajistocin haraji da ƙidaya, inda sau da yawa ake samun sunan mai gari da yawan magidanta a shekarar da aka rubuta.