Ƙaramin lambu a tsakar gida: me zan shuka da ba zai cinye min ruwa da lokaci ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mun tare a sabon gida a Kano, akwai fili a tsakar gida, tsawonsa mita 8, faɗinsa mita 6. Sau biyu ina dasa ciyawar kafet da furanni suna bushewa. Ba mu da rijiyar burtsatse, a hannun 'yan garuwa muke sayen ruwa, ni kuma ma'aikaciya ce, ga yara ƙanana. Yaya zan tsara wurin ya yi kyau ba tare da ya zame min aiki ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Shawara ta farko ita ce ki haƙura da ciyawar nan. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, kowace murabba'in mita ta ciyawa tana shan kimanin lita 6 a rana. Idan kin shimfiɗa ta a murabba'in mita 30, lita 180 ke nan, wato jarka bakwai mai lita 25 kullum, ban da aski duk bayan mako biyu da damina. Tsarin da zan ba ki, jarka bakwai ɗin nan za ta kai shi mako guda a shekarar farko, daga baya ma ya ragu.

Kafin ki sayi ko dashe ɗaya, a haƙa rami mai zurfin kamu biyu a wurare uku a duba. A sabon gida abin da ake tararwa ƙarƙashin yashin sama shi ne ɓaraguzan bulo, busasshen kwaɓin siminti, leda da jar ƙasar ciko. Ina kyautata zaton wannan ne ya kashe furanninki, ba ƙarancin ruwa kaɗai ba. Siminti yana sauya ɗabi'ar ƙasa har saiwa ta kasa jan sinadarin ƙarfe, sai ki ga sabon ganye ya yi rawaya, jijiyoyinsa kuma suna kore. A kwashe wannan shara daga duk inda za a yi shuka. Sannan ki cika ɗaya daga ramukan da ruwa. Idan ya tsotse cikin 'yan sa'o'i, ƙasar tana da kyau. Idan ya kwana, sai an ɗaga kwamin shuka sama da kamar santimita 20, in ba haka ba ruwan Agusta zai ruɓar da saiwa.

Filinki murabba'in mita 48 ne. Ni zan ba hanya da wurin shimfiɗa tabarma 18, tsakuwa 20, shuka 10 kacal. Hanyar ta kai faɗin mita ɗaya, a yi ta da intalok ko faffaɗan dutse, a karkata ta santimita 2 a kowace mita zuwa rariya, kada ruwa ya koma gindin gini. Kar a yarda a malale tsakar gidan duka da siminti. Yana riƙe zafi har bayan isha, kuma ruwan sama ba ya samun inda zai nutse.

Wajen tsakuwa mutane suka fi yin kuskure. A fara tone ciyawa da saiwarta, musamman aya-aya da ƙiri-ƙiri, domin guntu ɗaya da aka bari zai dawo. A daddaɓe ƙasa, a shimfiɗa tsofaffin buhunan hatsi suna hawa kan juna, sannan a zuba tsakuwa mai kaurin santimita 5. Murabba'in mita 20 zai ci kimanin baro 16. Buhu ya fi leda domin ruwa yana ratsa shi. Leda kuwa tara ruwa take yi, sauro ya samu gida. A yi wa gefen baki da bulo don kada tsakuwa ta watsu, ko da yake yara sai sun ɗiba.

Bishiya biyu sun isa. Lemun tsami mai aure (wanda aka haɗa reshen iri mai kyau a kan saiwar wani lemun) da rumman, ko gwaiba. A dasa su ta yamma don su tare ranar la'asar da ke gasa bango, tazarar mita 3 tsakaninsu, kuma aƙalla mita 2 daga katanga da sokawe. Darbejiya da mangwaro ba na wannan fili ba ne, komai son inuwarsu. Saiwar darbejiya tana bin danshi, ta tsaga katanga, ta shiga bututu, ga sharar ganye. Wurinta ƙofar gida, nesa da gini. Ramin kowace bishiya ya zama santimita 60 a tsawo da faɗi da zurfi, a cika shi da kashi biyu na baƙar ƙasa da kashi ɗaya na takin shanu da ya ruɓe sosai. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, ɗanyen kashin shanu kuma yana jawo gara da irin ciyawa. A yanke ledar dashen a cire, kar a binne shi da ita, kuma gaɓar auren ta kasance a saman ƙasa. Duk tohon da ya fito ƙasa da gaɓar a karye shi, don na uwar saiwa ne, in an bar shi zai rinjayi na sama.

A jikin katanga ki jera lalle, tazarar rabin mita. Yana jure fari, furensa na da ƙamshi, aski biyu a shekara ya ishe shi, ganyen kuma kin san amfaninsa. In ya tsufa ba a aske shi ba yana yin ƙaya. Zogale biyu a lungu, a riƙa sare su daidai ƙugu, su yi rassa da ganye maimakon su miƙe kamar sanda. Idan kina son launi, buganbiliya ɗaya a kusurwa, a ɗaure ta ta hau katanga nesa da wurin wasan yara saboda ƙayarta. Ita ƙishi ne ke sa ta fure. Mai ba ta ruwa kullum da taki ganye kawai zai gani. Shukar furen da ake kira kariya tana da kyau kuma kusan ba ta neman ruwa, amma ruwan jikinta guba ne, don haka ban ba ki shawararta ba sai yara sun girma. Na'ana'a da ɗoɗɗoya a tukunya kusa da kicin, a inuwa-inuwa. Na'ana'a in ta samu ƙasa mamaye kwami take yi.

Lokacin dashe shi ne ƙarshen Yuni zuwa Yuli, idan ruwa ya zauna, sama ta yi miki rainon wata uku kyauta. Dashen Maris shi ne asarar kuɗi.

Daga Oktoba ban-ruwa ya dawo hannunki. Kowace sabuwar bishiya lita 20 sau biyu a mako, da yamma ko da sassafe, a zuba a hankali cikin kwaryar ƙasa da aka zagaye gindin da ita. Yayyafi kullum yana sa saiwa ta tsaya a sama, ranar da aka yi fashi shuka ta yi yaushi. Ga dabara mai sauƙi ga wadda ke wuni a wurin aiki: a binne tulun ƙasa har wuya, kamu biyu daga gindin bishiya, a cika shi a rufe bakinsa. Ruwan zai riƙa tsattsafowa kai tsaye zuwa saiwa, sai a duba shi duk bayan kwana uku ko huɗu. Murfin dole ne, saboda sauro. Haka kuma in aka sa wurin alwala kusa da lemun, ruwan sau biyar a rana ya rage miki jarka. Ruwan wanki mai omo ko bilic kam ya bi rariya, gishirinsa yana taruwa ya kashe ƙasa.

A rufe saman kwami da ɓawon gyaɗa ko busasshen ganye, kaurin santimita 5, amma a bar tazarar tafin hannu daga jikin bishiya, don gara da ruɓa daga nan suke farawa. Taki sau ɗaya a shekara, farkon damina, kwano uku zuwa huɗu ga kowace bishiya, a watsa a inda inuwar rassa ta ƙare. Idan kin ga fararen ƙwari masu kama da auduga a ƙarƙashin ganyen lemu ko gwaiba, a daka 'ya'yan darbejiya cikin tafi biyu, a jiƙa a lita 5 na ruwa ya kwana, a tace a fesa da yamma, a maimaita bayan mako guda.

In kuna ɗaure ragon layya a gida, ki kewaye ƙananan bishiyoyin da waya tun kafin ya iso, tsayin mita ɗaya da rabi. Dare ɗaya ya ishe shi ya cinye zogalen, ya ɓare bayan lemun har ya bushe.